Farin Kifin Zinariya: Asalin Launinsa da Ƙa'idojin Kiwonsa

Duk wanda ya ji an ce "farin kifin zinariya" zai ga kamar akwai tufka da warwara a cikin sunan, domin zinariya dai ba fara ba ce. Amma kifin yana nan, fari fat kamar alli, ana sayar da shi a shagunan kifin ado na manyan birane, kuma jinsinsa ɗaya da jan nan da aka fi sani. Masana kimiyya suna kiran su duka da suna guda, wato Carassius auratus. Sau da yawa ma kifi ɗaya ne yake yin launukan biyu a tsawon rayuwarsa: a saye shi ja jawur, bayan shekara ɗaya ko biyu ya koma fari. A nan ne hankalin mai kiwo yakan tashi, ya zaci ciwo ne, ya yi ta zuba magani a cikin ruwa har ya halaka lafiyayyen kifi. Wani kuma akasin haka yake samunsa. Cuta takan kama farin kifinsa bai lura ba, saboda alamarta fara ce a kan farin jiki, sai ya wayi gari ya tarar da shi yana yawo a saman ruwa, ciki sama. Domin a kauce wa waɗannan kurakurai biyu, dole ne a san inda farin ya samo asali, da kuma irin ruwan da kifin yake bukata.

Asalinsa

Kakan wannan kifi ba ja ba ne, ba kuma fari ba. Wani kifi ne na koguna da tafkunan ƙasar Sin, mai launin toka-toka da ya sirka da ruwan ƙasa, irin launin da ke ɓoye kifi daga idon tsuntsu. Mutanen Sin sun daɗe suna kiwonsa domin ci. Tun zamanin daular Jin, wadda ta yi mulki daga shekarar 266 zuwa 420, aka rubuta cewa akan ga ɗaiɗaiku masu jan launi a cikinsu. A daji irin wannan kifi ba ya daɗewa, domin shi maharbansa suke fara hange. Abin da ya cece shi shi ne al'adar mabiya addinin Buddha ta sakin dabbobi a tafkunan gidajen ibadarsu, inda ba a kama su. A can jajayen suka sami sararin hayayyafa. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, kiwonsu ya zama sana'a ta sosai, kuma a ƙarshen wannan zamani ne aka fara ambaton wasu launuka ban da ja da ruwan zinariya.

Da aka shiga zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, sai aka fara ajiye kifin a cikin manyan kwatarniyoyin tangaran a gidaje. Wannan ya ba masu kiwo damar zaɓen namiji da macen da suke so su haɗa. Daga nan ne aka sami masu jela biyu, da masu dunƙulallen jiki, da masu fitattun idanu. Kifin ya isa Japan a ƙarni na 16, ya shiga Turai a ƙarni na 17, sa'an nan ya kai Amurka a tsakiyar ƙarni na 19. Charles Darwin ya kawo shi misali a littafinsa na 1868 a kan yadda dabbobi da tsirrai suke sauyawa a hannun ɗan Adam. Abin lura shi ne, farin kifin zinariya aikin zaɓen mutum ne. Ba shi da wani kogi da za a ce nan ne gidansa, saboda haka rayuwarsa kacokan tana hannun mai kiwonsa.

Yadda farin yake samuwa

A cikin fatar kifi akwai wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ake kira ƙwayoyin launi. A kifin zinariya za a iya kasa su gida uku. Kashi na farko yana ɗauke da melanin, sinadarin nan da ke sa fatar mutum da gashinsa su yi baƙi. Kashi na biyu yana ɗauke da launin rawaya da ja, kuma mafi yawan jan yana fitowa ne daga sinadaran karotinoyid, dangin waɗanda suka ba karas da manja da tumatir launinsu. Kifi ba ya iya ƙera karotinoyid da kansa, sai dai ya same shi a abinci ya sarrafa. Kashi na uku kuwa ba shi da launi ko kaɗan. Abin da ke cikinsa ƙananan falle-falle ne na wani sinadari mai suna guwanin, waɗanda suke mayar da haske kamar madubi. Su ne suke sa jikin kifi ya riƙa ƙyalli.

Idan aka fahimci wannan, sirrin farin ya fito fili. Babu wani farin fenti a fatar kifin. Fari yana bayyana ne a inda baƙi da ja da rawaya suka kau, aka bar madubin guwanin shi kaɗai yana mayar da hasken da ya faɗo masa.

Kusan kowane kifin zinariya mai ƙyalli yakan bi wani ɓangare na wannan hanya. Idan ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ba ya wuce kwana 3 zuwa 7 gwargwadon ɗumin ruwa, 'ya'yan sukan taso da launin kakanninsu na daji. Bayan wasu watanni sai ƙwayoyin melanin su fara mutuwa, jan da ke tare da su ya bayyana. A wasu kifayen abin yakan tsaya a nan. A wasu kuma ƙwayoyin jan su ma sukan ragu sannu a hankali, farin ya riƙa cin jiki har ya mamaye shi duka ko ya bar ɗan ja a wani wuri. Ƙwayoyin gado ne suke yanke wannan hukunci tun kifin yana cikin ƙwai, kuma ba ciwo ba ne. Tsufa ma yana kawo nasa. Kifin zinariya mafi tsawon rai da aka tabbatar, mai suna Tish, an ci shi ne a wata gasar wasa a Ingila a 1956, ya mutu a 1999 yana da shekara 43, kuma kafin mutuwarsa jan jikinsa ya koɗe ya koma launin azurfa. Ƙarancin haske shi ma yana sa launi ya dusashe, amma irin wannan yakan ɗan farfaɗo idan aka mayar da kifin wuri mai haske.

Har ila yau, fararen ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari mai ƙyalli kamar azurfa, wanda guwanin ɗinsa yake cikakke. Akwai wanda ya rasa guwanin kusan gaba ɗaya, ɓawon jikinsa ya zama garai-garai, har ana hango jan jini ta murfin gefen kansa. Irin wannan yakan yi fari mai sirkin ruwan hoda, idanunsa kuma baƙi ƙirin kamar maɓalli. Akwai kuma na tsaka-tsaki, mai sheƙi kamar cikin ƙumba. Wani masanin halittu ɗan ƙasar Sin, Shisan Chen, ya nuna a 1928 cewa waɗannan siffofi uku suna bin dokar gado ta Mendel. Idan aka haɗa na tsaka-tsaki biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito mai ƙyalli, kashi biyu su yi tsaka-tsaki, kashi ɗaya ya fito garai-garai. Malamin da ya gaji da misalin waken Mendel yana da wani a nan, wanda ɗalibai za su iya gani da idonsu yana iyo.

Dukkan waɗannan dabam suke da zabiya. Zabiyan kifi ba ya iya ƙera melanin ko kaɗan, shi ya sa idanunsa suke ja, kuma jikinsa yakan yi rawaya-rawaya maimakon fari tas. Yana da wuyar samu. Wani dalili shi ne kifin zinariya yana da kuromosom 100, domin a tarihinsa mai nisa kayan gadonsa sun ninka, ta yadda yawancin ƙwayoyin gadonsa suna da abokan aiki. Idan ɗaya ta lalace, ɗayar takan rufa asiri. Saboda haka farin kifi mai baƙin ido, wanda shi aka fi gani a kasuwa, ba zabiya ba ne.

Masu kiwo a Sin da Japan sun yi amfani da wannan koɗewar launi sun fitar da nau'o'i masu ban sha'awa. Sananne a cikinsu shi ne oranda mai jar hula: jikinsa fari sol, sai wani jan tsiro a tsakiyar ka kamar an ɗora masa dara.

Ruwa shi ne gidan, shi ne kuma masai

Yawancin kifayen ado da ke mutuwa a gidaje da ɗakunan gwaji na makarantu, ruwa ne yake kashe su. Kifin zinariya acici ne, kuma abin da ya ci dole ya fitar. Babban dattin da yake fitarwa shi ne amoniya, wadda mafi yawanta take fita ta gaɓoɓin numfashinsa, wato jajayen zare-zaren naman nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa. Amoniya ba ta da launi. Ruwa yana iya zama garau kamar na sha alhali ya zama guba. A kogi tana bin ruwa ta tafi, amma a akwatin gilashi babu inda za ta je.

Masu ceton kifin wasu bakteriya ne da suke manne wa tsakuwa da soson matatar ruwa. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama naitirayit. Shi ma guba ne, domin yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya riƙa haki ko da iska ta wadata a ruwan. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da naitirayit ya zama naitiret, wanda illarsa kaɗan ce idan bai taru da yawa ba. Tsirrai suna shan wani ɓangare nasa, sauran kuma sai ta hanyar canjin ruwa ake rage shi.

Waɗannan bakteriya ba sa yawaita da wuri. Sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Wanda ya sayo akwati da safe, ya cika shi da kifi da yamma, ya jefa su cikin mafi haɗarin makonnin rayuwarsu. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa akwatin, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa a ciki na wasu makonni, ko a samo tsohon soso daga lafiyayyen akwatin wani. Haka kuma kuskure ne babba a wanke matata da ruwan famfo ko da sabulu. Ana matse soson ne a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, don kada a kashe bakteriyar. Tsabtar da ta wuce kima a wannan wuri ɓarna ce.

Akwai wani lissafi da ya kamata ɗaliban kimiyyar sinadarai su riƙe. Amoniya tana zama a ruwa a siffa biyu, ɗaya mai tsananin guba, ɗaya mai sauƙi, kuma ma'aunin pH da zafin ruwa su ne suke raba su. A zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau zuwa 8, takan haura kashi 5 cikin 100. Wato hawan mataki ɗaya kawai yana ninka haɗarin kusan sau goma.

Game da girman akwati, ƙwararrun masu kiwo sukan ba da shawarar kimanin lita 75 ga kifi na farko daga nau'in masu dunƙulallen jiki, da ƙarin lita 40 ga kowane kifi da aka ƙara. Ana gane yawan litar ne idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, aka raba da 1,000. Alal misali, akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 40, zurfi 45, yana ɗaukar lita 162, wato kifi uku ke nan. Dogayen nau'o'i masu jela ɗaya kuwa suna kai santimita 25 zuwa 30, kuma tafki ya fi dacewa da su. Maganar da ake yi cewa kifi yana girma ne daidai da mazubinsa, gaskiyarta ita ce tsumburewa yake yi, ya mutu da wuri, alhali da an kula da shi zai kai shekara 10 zuwa 15. Ƙwaryar gilashin nan mai zagaye da ake gani a hotuna ita ce mafi munin mazubi: ruwanta kaɗan, bakinta ƙunci, ba ta da wurin matata. Birnin Roma na Italiya ya haramta ajiye kifi a cikinta a 2005.

Kowane mako ana zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana bi ta cikin tsakuwa don a kwashe kashin da ya kwanta, sa'an nan a cika da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Ruwan famfo yakan zo da kulorin, wanda ke ƙona gaɓoɓin numfashi. Idan aka bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu, kulorin ɗin yakan fita. Amma inda hukumar ruwa take amfani da kuloramin, ajiyewa ba ta wadatarwa, sai an sa maganin da ake sayarwa domin haka. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin oksijin, don haka shi ma yana bukatar ya sha iska kafin a zuba.

Zafi da iska

Kifin zinariya ɗan ƙasa mai sanyi-sanyi ne. Ya fi sakewa a ruwa mai zafin digiri 18 zuwa 24. Sanyin hunturu na ƙasar Hausa ba ya damunsa ko kaɗan, tun da yana iya rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara. Bazara ce abin tsoro, lokacin da zafin iska yake haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Dalilin a sarari yake. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 kawai. A daidai wannan lokaci kuma jikin kifin yana ƙara gudu, bukatarsa ta oksijin tana kusan ninkawa da kowane ƙarin digiri 10. Abin da ake da shi ya ragu, abin da ake bukata ya ƙaru.

Oksijin yana shiga ruwa ne ta samansa, shi ya sa akwati mai faɗi ya fi dogo mai zurfi, kuma amfanin famfon iska shi ne motsa saman ruwan. A lokacin zafi ana ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, a buɗe murfinsa, a sa fanka ta riƙa busa saman ruwan. Wannan ita ce hikimar randa: ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi. Zuba ƙanƙara kai tsaye ba shi da kyau, domin sauyin zafi na farat ɗaya yana jigata kifi. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, maganin farko shi ne a rage yawan kifin tun daga tushe. Idan wuta ta ɗauke, a dakatar da ba da abinci, a riƙa ɗiban ruwan da moɗa ana kwararo shi daga sama, ko a tanadi ƙaramin famfon iska mai batir.

Wannan kifi yana da wata baiwa da ta sa ake yi masa kallon mai taurin rai. A 1980 masana biyu, Shoubridge da Hochachka, suka nuna cewa idan oksijin ya ƙare, kifin zinariya yana mayar da sinadarin gajiya da ke taruwa a tsokarsa ya zama barasa, ya fitar da ita ta gaɓoɓin numfashi. Da wannan dabara ɗan'uwansa na arewacin Turai, Carassius carassius, yake shafe watanni a tafkin da ƙanƙara ta rufe. Amma dabarar ta ruwan sanyi ce. A ruwa mai ɗumi juriyar ba ta wuce sa'o'i.

Abinci

Kifin zinariya ba shi da tumbi irin na dabbobi. Abinci yana wucewa ne kai tsaye zuwa doguwar hanji, saboda haka kaɗan-kaɗan ya fi masa. Sau biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu, ya wadatar. Ba ya nuna ƙoshi, kullum yana bara a jikin gilashi, kuma wannan ne yake yaudarar yara. A makaranta ya kamata a ɗora ciyarwa a kan ɗalibi ɗaya a kowane mako, in ba haka ba kowa zai jefa nasa. Ban da abincin gwangwani, yana son dafaffen alayyaho da latas, waɗanda ke taimaka wa masu dunƙulallen jiki da kan yi fama da kumburin ciki da kasa daidaita iyo.

Ga farin kifi akwai ƙarin bayani guda. Abincin da aka rubuta cewa yana ƙara launi an cika shi da karotinoyid ne. Ba zai mayar da farin kifi ja ba, tun da ƙwayoyin da za su riƙe jan sun riga sun kau, sai dai yana iya sa farin ya yi dishi-dishin rawaya, musamman a ka da fikafikai. Mai son fari tas sai ya tsaya ga abinci na yau da kullum.

Kiwo a tafki

A tafkin gida ko na makaranta, farin kifi ya fi kowane fitowa, musamman idan ƙasan tafkin baƙi ne. Abin da ya burge mai gida kuwa shi ne ya burge zalɓe da kyanwa. Don haka tafkin yana bukatar zurfin da bai gaza santimita 60 ba, in da hali ya kai mita ɗaya, da gefe mai miƙewa tsaye wanda tsuntsu ba zai iya takawa ya shiga ba, da maɓoya irin su fasasshiyar tukunya ko guntun bututu. Raga a sama tana ƙara tsaro. Zurfin yana kuma hana ruwan saurin ɗaukar zafi da rana.

Inuwa wajibi ce. Hasken rana yana iya ƙona fatar kifi a ruwa garau marar zurfi, kuma wanda ba shi da melanin ya fi shiga wannan haɗari. Ganyen bado yana ba da inuwa mai kyau. Kainuwa ma tana yi, tana kuma shan naitiret, amma tana yaɗuwa da sauri, sai an riƙa rage ta kada ta rufe fiye da rabin saman ruwan. Tsirrai da gansakuka suna ba da oksijin da rana, da dare kuwa su ma shaƙarsa suke yi. Shi ya sa oksijin ya fi ƙaranci da asuba, kuma a wannan lokaci ne ya kamata a leƙa tafkin. Idan aka ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, to an cika su da yawa ko gansakuka ta yi yawa.

Sabon tafkin siminti yana sakin sinadarin farar ƙasa da ke ɗaga pH ƙwarai. Dole a cika shi, a bar shi kwanaki, a zubar, a maimaita sau da dama kafin a sa kifi. Wani amfani da tafkin kifi yake da shi a kan ruwan da ke kwance haka kawai shi ne, kifin yana cinye tsutsar sauro.

Farin lafiya da farin ciwo

Ƙa'idar rarrabewa ita ce a dubi lokaci da hali. Farin gado yana zuwa ne a hankali cikin watanni, fata tana nan sumul, kifi yana ci, yana iyo, fikafikansa a buɗe. Farin ciwo yana zuwa cikin kwanaki, kuma abu ne da ya hau kan fata, tare da sauyin hali: ƙin abinci, naɗe fikafikai, kwanciya a ƙasa, ko goga jiki a tsakuwa.

Mafi yawan cutar da ake gani ita ce ta fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Ichthyophthirius multifiliis take haddasawa. A jikin jan kifi nan da nan ake ganinta. A jikin fari sai an haska tocila daga gefe, an duba jela da fikafikai inda fatar take garai-garai. Ƙwayar tana zama a ƙarƙashin fata tana ci, sa'an nan ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya da za su fita neman kifi. Magani ba ya samunta sai a wannan mataki na yawo. Wannan ne dalilin da ya sa ake ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Gishiri tsantsa, gram 2 zuwa 3 a kowace lita, wanda aka ƙara a hankali, yana cikin abubuwan da ake amfani da su, ko da yake yana cutar da tsirrai.

Akwai wani ɗigon da ba ciwo ba ne. A lokacin hayayyafa namiji yakan fitar da ƙananan fararen ƙuraje a kan murfin gefen kansa da gaban fikafikan ƙirjinsa. A jere suke, kuma ba sa bazuwa zuwa jela. Wanda ya zuba magani saboda su ya wahalar da kifinsa a banza. Abin da ya yi kama da auduga a kan rauni kuwa naman gwari ne, kuma kusan kullum yana biyo bayan rauni ko lalacewar ruwa.

Ta wani ɓangaren farin jiki taimako ne. Jan zane-zane a jela da fikafikai, wanda ke nuna cewa amoniya ta yi yawa ko bakteriya masu cutarwa sun shiga jini, yana fitowa ɓaro-ɓaro a farin kifi tun kafin a gan shi a ja. Duk lokacin da aka ga haka, matakin farko shi ne a canja rabin ruwan, a auna shi idan akwai kayan awo, kafin a yi maganar magani. Sabon kifi kuma a keɓe shi a wani mazubi na mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da na gida.

Idan kifi ya fi ƙarfin mazubinsa

Wasu idan sun gaji da kiwo sukan kai kifin kogi ko dam su sake shi, suna ganin tausayi suka yi. A kogin Vasse da ke yammacin Ostireliya, masana daga Jami'ar Murdoch sun ba da rahoto a 2016 cewa irin waɗannan kifaye sun hayayyafa, wasu sun kusa kai kilo 2, kuma an bi sawun ɗaya da ya yi tafiyar fiye da kilomita 230 cikin shekara guda. Suna tone ƙasan kogi, suna tumɓuke tsirrai, suna dagula ruwa, suna cin ƙwan kifayen asali, suna kuma iya kai musu cututtuka. Kifin da ya yi wa akwati girma sai a mayar da shi tafkin gida, ko a ba wani mai kiwo, ko a mayar wa mai shago.

A irin waɗannan koguna ba a cika ganin fari ba. Tsuntsaye da manyan kifaye suna fara cinye masu haske, waɗanda ba su sauya launin ƙuruciya ba kuma su tsira su hayayyafa. Bayan 'yan zuri'o'i kaɗan, yawancin garken yakan koma launin toka da ruwan ƙasa irin na kakanninsa na kogunan Sin.